Murjanin da Na Rena a Gesse

A Gulma aka haife ni, inda ruwan da muka sani shi ne na gulbi da na fadama, wanda ake sha, a yi wanka da shi, a dasa shinkafa a cikinsa. Yayana ya tsaya kan sana'ar gidanmu, kamun kifi da noma. Ni kuwa karatu ya ja ni har Legas, na yi aiki a ɗakin gwajin ruwa na wani kamfani har na yi ritaya.

A can na fara ganin murjani mai rai. Kafin nan, murjani a wurina tsakiya ce ja da mata ke ratayawa a wuya. Akwai wani shago a hanyata ta dawowa daga aiki, cike da akwatunan gilashi masu ruwan gishiri, an haska su da shuɗiyar fitila. Ruwan sama ne ya kora ni ciki wata rana. Ina tsaye ina kakkaɓe rigata sai na ga duwatsun cikin ruwan suna motsi, wasu kamar ciyawa in iska ta bi ta kanta, wasu suna buɗewa suna rufewa a hankali. Mai shagon ya ce mini dabbobi ne, ba tsiro ba, kuma su ke gina wa kansu dutsen da suke zaune a kai. Tun daga ranar na riƙa ratsewa. In na yi jinkiri, matata ta san inda na tsaya. Takan ce, "In mun koma gida ka yi naka, ka huta da leƙen na mutane."

Muka koma gida, muka zauna a Gesse, cikin Birnin Kebbi. 'Yarmu tana aure a Abuja, ɗanmu yana aiki a ƙasar waje. Ba mu daɗe a sabon gidan ba Allah ya yi wa matata rasuwa.

Da aka watse daga zaman makoki, na gane gidan ya yi mini yawa. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da gaisuwar masallaci. 'Yan uwa suka yi ta kawo mini zancen aure, ina cewa a bari tukuna, har suka gaji suka bari. Wata safiya ina zaune a falo, ba abin da nake ji sai ƙugin firij, na ɗauki waya na kira mai shagon nan na Legas. Da na faɗa masa garin da nake, ya yi dariya, ya ce zafin Kebbi zai dafa masa dabbobi kafin su san inda suke. Na ce ya aiko, na ji.

Akwatin gilashin ya zo a bayan wata motar da ta kai albasa kudu, an naɗe shi da katifa. Tare da shi akwai buhun gishirin teku, da duwatsu masu huji-huji, da injin juya ruwa, da fitila. Abin da ya rage shi ne wuta, domin in injin ya tsaya na wasu sa'o'i, komai na ciki zai mutu. Nan maƙwabcina ya shigo cikin lamarin. Mutumin Filato ne, Kirista, aikinsa haɗa wutar sola, matarsa kuma ma'aikaciyar jinya ce. Mun daɗe muna gaisawa ta kan katanga, amma bai taɓa shiga falona ba sai ranar. Yana ce mini Baba, ina ce masa Injiniya. Ya hau rufi ya jera faranti, ya sauko ya haɗa batura, sannan ya tsaya yana kallon akwatin da na cika da ruwa da duwatsu.

Ya ce, "Baba, ina kifin?"

Na ce, "Sai ruwan ya nuna."

"Ruwa yana nuna? Kamar mangwaro?"

Na ce kusan haka. Ruwan gishiri sabo ba ya riƙe rai, sai an bar shi yana juyawa makonni har ƙananan halittun da ido ba ya gani su zauna cikin duwatsun. Haka na yi ta zama gaban akwatin da ba kowa a ciki, ina ɗiban ruwa ina gwadawa. Na san a unguwa an yi maganata. Wani dattijo a masallaci ya ja ni gefe ya tambaye ni ko lafiya, wai an ce ina kiwon duwatsu.

Ba a zuba murjani gaba ɗaya. Da masu juriya ake farawa, a ga yadda ruwan ya karɓe su, sannan a ƙara. Na farkon sun zo ta jirgin sama a cikin kula, kowanne a ledarsa ta ruwa, ba wanda ya fi kan ɗan yatsa. Na sa ledojin su yi iyo a saman akwatin har ɗuminsu ya daidaita, na riƙa ɗiga musu ruwan sabon gidansu kaɗan-kaɗan, sannan na ajiye su can ƙasa, nesa da fitila, kada haske ya ƙone su. Na bar tazara tsakaninsu, domin duk kyan nan nasu faɗa suke yi, wanda ya fi dafi ya harbi maƙwabcinsa har ya kashe shi. Suka ƙudundune kamar busasshen nama. Kwana da kwanaki ba wanda ya motsa.

Wata safiya na dawo daga masallaci, na kunna fitila, na tarar ɗaya ya buɗe. Ƙananan furanni ne kore shar, kowanne da ɗigon ruwan lemo a tsakiya. Na kira 'yata, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tuna lokacin shirya yara makaranta ne. Na ɗauki hoto na tura mata. Na fita na ƙwanƙwasa ƙofar Injiniya, aka ce ya yi sammako ya tafi aiki wani ƙauye. Na dawo na jawo kujera na zauna. Sai bayan la'asar amsar 'yata ta shigo, ta ce masha Allah, ta tambaye ni ko na sha maganin hawan jini.

Da na fara kawo masu ƙashi, masu rassa kamar ƙahon barewa, sai aikin ruwan farar ƙasa ya taso. Irin waɗannan suna zuƙe wani sinadari daga ruwa su gina jikinsu da shi, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai. A teku ba ya ƙarewa, a akwati kuwa sai ka mayar musu. Farar ƙasar ba irin ta shafen bango ba ce, tatacciya ce, gari lukui. Nakan zuba kaɗan a jarkar tataccen ruwa, in juya a hankali, in rufe in bar shi ya kwanta. Garin ya koma ƙasa, wani siririn ɓawo ya taru a sama, na tsakiyar nan garai-garai shi ake so. Kuma ba a tuttula shi. Yana da kaifi, in ya shiga da yawa lokaci guda sai ya ƙone su. Ɗigo-ɗigo ake ba su.

Na yi ta fama da yadda zan daidaita ɗigon, har matar Injiniya ta ji labari. Ta sayo mini sabuwar robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, mai ɗan maƙalli da ake murzawa a rage gudu ko a ƙara. Ta rataye jarkar a ƙusa da kanta, ta murza, ta tsaya tana kallon ɗigon kamar yadda take yi wa marasa lafiya.

Ta ce, "Baba, ga majinyatanka nan. Kada dai ka manta kai ma kana cin abinci."

Daga nan ya zama aikina na kowace safiya. In na dawo daga sallar asuba, kafin fitila ta kama, in rataye jarka, in murza maƙalli, in dafa shayi, in zauna ina jin ɗigon yana faɗawa.

Injiniya ya saba shigowa da yamma in ya taso aiki. Wai batura yake dubawa, amma ko kallonsu ba ya yi. Lokacin na sa kifaye biyu ƙanana, masu ruwan lemo da ratsin fari, yakan zauna yana bin su da ido muna shan shayi. Ya ba ni labarin garinsu, da sanyin da ake yi, da dankalin mahaifiyarsa. In ladan ya kira magariba sai ya miƙe ya ce, "Baba, a yi mana addu'a." Ban san yadda na dogara da wannan zama ba sai ranar da ya shigo bai zauna ba. Ya ce mahaifiyarsa ta tsufa, ba mai kula da ita, matarsa ta samu canjin wurin aiki, za su koma gida. Ranar tafiyar na tsaya a bakin ƙofa ana ɗaure kaya. Ya nuna mini wayar sola da zan duba in wuta ta yi gardama, ya maimaita har na haddace. Motar ta fita. Waɗanda suka kama gidan bayansu mutanen kirki ne, muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Bazarar da ta biyo baya ta gwada ni. Murjani ba ya son zafi, in ruwa ya ɗumama sai ya zubar da launinsa ya yi fari. Na sa fanka tana hura saman ruwan, na cika firij da gorunan ruwa, in sun daskare in riƙa jefawa ciki ɗaya bayan ɗaya, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Fankar tana sa ruwa ya ƙafe da sauri, ni kuma ina cike gurbin da ruwan farar ƙasa. Ko'ina ba na iya zuwa. 'Yata ta ce in zo Abuja in huta, na ce sai zafi ya wuce. Ta ce, "Baba, yanzu duwatsu ne suka hana ka ganin jikokinka?" Na ce ba duwatsu ba ne. Ta ce ta sani. Muka yi sallama. Gaskiyarta, amma duk garin ban san wanda zan bar wa su ba.

Ana cikin haka aka kira ni daga Gulma, aka ce idon Yaya ya ƙara lalacewa. Ya daɗe yana fama da yanar ido, ya daina shiga jirgin ruwa, ko ƙofar gida sai an riƙe masa hannu. Na je na ɗauko shi na kawo shi Birnin Kebbi aka yi masa aiki, likita ya ce ya zauna kusa saboda a riƙa duba shi. Haka ya sauka a wurina, karo na farko da muka kwana gida ɗaya tun muna samari.

Ranar da aka cire masa bandeji, muka dawo gida, ya shigo falo yana lalube kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya cik. Ya matsa gaban akwatin, ya kusa manna hancinsa da gilashi.

Ya ce, "Kai, ɗan boko, wanga mi na na?"

Na ce, "Murjani na, Yaya."

"Ina jin ƙarar ruwa tun randa niz zo, nic ce ko famfo na yal lalace." Ya bi kifayen da yatsa. "Waɗanga hwa, ana cin su?"

"Ba a ci."

"To don mi kaka kiwonsu?"

Bai jira amsa ba. Ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska, ya yi dariya har sai da na tuna masa likita ya hana shi jijjiga. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin ruwa, bai taɓa ganin kifi yana harkarsa ta gefe ba, kullum daga sama yake ganinsu ko cikin komar kamun kifi. Ya jawo kujerata ya zauna, ni na koma kan tabarma. Daga ranar kujerar ta zama tasa. Ya raɗa wa kowane murjani suna. Mai rassan nan shi ne mai ƙaho, wani mai laushi kuma mai gemu. Yakan kira ni daga kicin ya ce in zo in ga mai gemu yana faɗa da maƙwabcinsa. Na koma dafa abinci na mutum biyu. Muka yi hirar mutanen da suka mutu tun tuni, da shekarun da ruwa ya ci shinkafa, da mahaifiyarmu.

Wata safiya na rataye jarka, na fita sayo masa maganin ɗigawa a ido. Layi ya riƙe ni. Da na dawo, tun daga ƙofa na ga akwatin ya yi fari kamar an zuba nono. Kifayen sun taso sama suna haki, murjanin duk sun ƙudundune. Jarkar ta ƙare ƙaf, har garin da ya kwanta a ƙasa ya bi robar ya shiga. Yaya yana tsaye a gefe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Ni nib buɗe shi. Nig ga shina ɗiga kaɗan-kaɗan, ga zahi, nic ce ƙishi za ya kashe su."

Na ce, "Ba komi, Yaya. Zamna ka riƙe min wagga roba."

Na ɗiga ruwan kal kaɗan, mai tsamin nan na girki, don ya karya kaifin. Allah ya sa ina da ruwan gishiri haɗaɗɗe a duro. Na riƙa zuƙe farin ruwan ina mayar da sabo, shi yana zaune riƙe da bakin robar a bokiti, tunda an hana shi sunkuyo da ɗaukar nauyi. Har azahar muna yi. Wajen la'asar ruwan ya fara washewa, kifayen suka koma ƙasa. Cikin 'yan kwanaki yawancinsu suka buɗe. Mai ƙaho ne bai tashi ba. Naman jikinsa ya riƙa saɓulewa daga gindi zuwa sama, har ya rage ƙashi fari tas. Da na ciro shi, Yaya ya karɓa ya juya shi a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo, ya ce in ba shi. Ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a aljihu.

Da likita ya sallame shi, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ce ya zauna, ga ɗaki, ga asibiti kusa, yara za su iya gonar. Ya girgiza kai.

"Idona ya buɗe, ɗan boko. In zamna nan in yi mi? Kai dai ka taho gida. Ɗakin tsohuwa na nan ba kowa ciki."

Na ce zan duba.

Na kai shi a motata. Muka tsaya a Argungu, ya ce sai ya ga gulbi. Ya tsaya a bakin ruwa yana kiran masunta da sunayensu tun daga nesa, suna mamakin yadda ya gane su. Muka ci gasasshen kifi a tsaye. A Gulma gida ya cika da 'yan barka, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora tukunya. Ana kiran la'asar na miƙe. Matar Yaya ta ce ko tuwo ba zan jira ba? Na ce akwai abin da na baro. Na iso Gesse rana na faɗuwa, na buɗe ƙofa, kujerar tana nan inda ya bar ta, kusa da gilashi fiye da yadda nake ajiye ta.

Murjanin suka ci gaba da girma. Masu furanni suka rufe dutsensu suka tsallaka na kusa, mai gemu ya yi faɗi har ya tokare gilashi. Dole na fara yanka ina ragewa. A Legas, in mutum ya yanka, sai ya manna 'yan guntayen a ƙananan duwatsu ya rarraba wa abokan kiwo, su ma su ba shi nasu. Ni ma na manna, na jera su a gefe guda, suka kama, suka yi kyau. Na tambaya a Birnin Kebbi, na tambaya a Sakkwato, ban samu mai akwatin ruwan gishiri ba. Wani matashin likita ya zo ya gani, ya yi ta santi, ya ce zai haɗa nasa ya dawo ya karɓa. Daga baya na ji an mayar da shi wani gari. Guntayen suna nan a jere, wasu har sun isa a sake yanka su.

Ɗana ne ya aiko mini da wani ɗan inji daga inda yake, mai jawo ruwan farar ƙasa da kansa ya ɗiga daidai yadda aka saita shi, da wani mai sanyaya ruwa, da mai zuba wa kifi abinci. Ya ce yanzu ba ni da hujjar ƙin yin tafiya. Na bar su a kwali har kaka ta yi, sannan na haɗa, na zauna ina gadinsu kwanaki ko za su yi kuskure. Ba su yi ba.

Lokacin yankan shinkafa na kulle gida na tafi Gulma. Na kwana a ɗakin mahaifiyarmu, na bi Yaya fadama, na zauna a inuwa ana sussuka. Jikina yana can, amma ko da yaushe ina lissafin abin da zan tarar. Na yi niyyar mako, ban cika ba na ce zan koma. Yaya bai hana ni ba, ya sa aka ɗaure mini busasshen kifi da 'yar shinkafa.

Da na iso gida na buɗe ƙofar falo. Fitila tana kunne, ruwa garau, kifayen suna zagayensu. Kowane murjani a buɗe yake, har wani da ya daɗe yana yi mini gardama ya miƙe ya yi kyau fiye da yadda na bar shi. Ɗan injin ya yi ƙara kaɗan, ya saki ɗigonsa, ya yi shiru. Na daɗe a tsaye da jaka a hannu. Na duba ko akwai abin da zan gyara, ban samu ba. Na kai kifin kicin na rataye, na wanke hannuna, na dawo na zauna.